Bunun Mama Tina

Malam Nata'ala ya yi shekara ashirin da takwas yana tuƙin bas a kudancin London, amma idan ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi mai baibaya ne. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Ubansa ne ke yi wa kusan duk ɗakunan ƙauyensu jinka, can bayan Malumfashi, shi ma kuma ya hau tsaiko tun bai iya rubuta sunansa ba. Abin da ba ya faɗa shi ne rabonsa da taɓa ciyawar jinka tun kafin ya auri Saudatu, ga shi yau har da jikoki uku. A unguwarsu ta Camberwell kuwa ba mai neman a yi masa baibaya. Gwanintar tana nan a hannunsa kamar goro a aljihun mai azumi, ga ta amma ba halin amfani.

A saman gidansu akwai wata tsohuwa mutuniyar Ireland, su kan ce mata Mama Tina. Ta zo London tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta yi aikin jinya har ƙarfinta ya ƙare, yanzu tana da saba'in da tara. Ita ta riƙe musu ɗansu Affan kwana tara lokacin da Saudatu ta kwanta asibiti wajen haihuwa ta biyu, kuma ba ta taɓa goranta musu ba. Nata'ala bai manta da wannan ba. Shekara da shekaru yana neman ranar da zai yi mata wani abu da ya fi ɗauko mata kayan cefane, bai samu ba.

Ranar ta zo a wata Lahadi cikin watan Satumba, a bayan wata farar motar kaya. Ɗan ƙanenta ne ya tuƙo motar tun daga yammacin Ireland, ya sauke wani akwatin katako, irin wanda masunta ke zuba kifi, ya sha shayi a tsaye, ya juya. Akwatin ya fi ƙarfin hawa bene, kuma duk inda aka ajiye shi sai baƙar ƙura ta zubo. Sai Mama Tina ta roƙi Nata'ala ya ajiye mata shi a ɗakin katakon da yake adana fartanya da buhuna, a 'yar gonar da yake haya a bayan gidajen. Suka ɗora shi a baro, yana turawa tana biye da sandarta.

A hanya ta ba shi labari, da Turancinta mai sauri wanda ya ɗauki shekara biyar kafin ya fara ganewa. Gidan da aka haife ta yana bakin teku, bangon dutse mai farar ƙasa, ɗaki biyu, rufin ciyawa. Saboda iskar wurin, igiyoyi ake jefawa bisa rufin a rataya musu duwatsu su danne shi. A hunturun da ya wuce guguwa ta karya itatuwan da ke riƙe da rufin, ya rufta. Kafin a kwashe, ɗan ƙanen nata ya sa zarto ya yanko mata yanki guda tun daga sama har ƙasa, shi ne wannan. Ranar Asabar wata mata za ta zo daga cibiyar mutanen Ireland ta ɗauka, don suna shirya nunin gidajen da tsofaffinsu suka baro.

"Ta ce abin da ke ciki ya haura shekara ɗari," in ji Mama Tina. "Shi kaɗai ya rage mini, Mista Nata. Ko hoton uwata ba ni da shi. Ka kula mini da shi, kada ruwa ya taɓa shi."

Washegari za a yi mata aikin ido, daga nan ta wuce wurin 'yarta a Croydon, sai Juma'a za ta dawo. Nata'ala ya dafa ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta.

To, da ya tsaya nan da ba a yi labari ba. Amma ran Litinin da safe, bayan ya ba alayyahunsa ruwa, sai ya ce bari ya ɗaga murfin ya gani ko da laima. Abin da ya gani ya sa ya ja da baya yana salati. Bunu ne. Tsohuwar ciyawar jinka ce baƙa ƙirin, ta daddanne ta zama kamar curin daddawa, kaurinta ya kusa kamu biyu, ƙasanta duk kunkunniya, ga guntayen igiyoyi na leƙowa ta gefe. Wannan ne za a ɗora a tebur, mutanen London su zo su zagaye shi, a rubuta sunan gidan su Mama Tina a jiki.

A garin su Nata'ala ba a yin haka. Idan jinka ta tsufa yaye ta ake yi, a zubar da bunun ƙasa, a ɗora sabuwa. Ɗakin da aka ga bunu ya yi baƙi a kansa shekara biyu a jere, kowa ya san matar ɗakin ba ta da maza a gida, ko kuma tana da su amma na banza ne. Ya tuna ubansa, Allah ya jiƙansa, yana tsallaka katanga ya yi wa wata gwauruwa baibaya ba tare da ta roƙa ba, don kawai kada baƙin kasuwa su wuce su ga ɗakinta. Shekara ɗari ba a yaye ba! Tausayin tsohuwar ya kama shi, har da ɗan haushin mazan gidansu da bai taɓa gani ba.

Abin da bai sani ba, kuma da ya tambaya da an gaya masa, shi ne a can ba yayewa suke yi ba. Sabuwar ciyawa suke shimfiɗawa bisa tsohuwa, su ja sababbin igiyoyi, bara a ƙarƙashin bana, har kaka da kakanni. Jerin nan na hawa bisa hawa shi ne abin da matar cibiyar za ta zo gani, shi ne kuma duk darajar akwatin. Amma gwani ba ya tambaya a fagensa, shi ya sa kuskurensa ya fi na kowa girma.

Da azahar ya gaya wa Saudatu niyyarsa. Tana tsinke ganyen rama a kicin, ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban Affan, cewa aka yi ka ajiye ko cewa aka yi ka gyara?"

"Ai ajiyar ke nan. Ke da kin ga abin nan sai kin yi kuka. Exhibition fa za a kai shi, wurin nunin nan, Turawa su yi ta ɗaukar hoto."

"To ka yi mata ringing mana. Minti biyu ne."

"Matar da aka yi wa operation yau? Kuma in na faɗa mata ai cewa za ta yi kada in wahala. Surprise nake so ya zama."

"Uhm," in ji Saudatu. "Allah ya sa kada garin neman gira a rasa ido. Ni dai babu ruwana."

Ya ce mata ita ba ta san aikin ba, wanda gaskiya ne. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Karan alkama bai yi masa wuyar samu ba. Mai gonar kusa da tasa, wani mutumin Kumasi da ake kira Sualihu, ya shuka alkama don ƙasa ta huta, ya yanke ta da lauje ya jingine a inuwa. Da Nata'ala ya tambaya sai ya ce, "Ɗauka duka, Alhaji, ni ba shi da amfani a wurina." Karan dogaye ne, ba a tattake su ba, sun bushe sarai.

Ran Talata ya shimfiɗa leda a ƙasa ya fara yaye bunun. A nan kam dole a yaba masa, bai yi aikin gaggawa ba. Hawa hawa ya bi da yatsu, don yana son ya ga yadda mutanen ke ɗora nasu. Na sama karan alkama ne, sai sha'ir, sai alkama kuma, haka dai har ya zo kan wani hawa siriri na ciyawar fadama, wadda ko a garinsu sai wanda ya rasa yadda zai yi yake rufi da ita. Ya girgiza kai ya wuce. Tsakanin kowane hawa akwai igiyar kara da aka tufka da hannu, ya riƙa zare su yana jerawa a kan benci, don mai baibaya ba ya yar da igiya. Da ya wuce ciyawar fadamar sai ya tsaya, ya ɗaga wata igiya yana jujjuya ta a haske. Tufkarta ta juya baya. Ya san irinta, don ƙanen ubansa bahago ne, kuma ko a cikin igiya ɗari a kasuwa ana gane tasa. Wannan bahagon gwani ne, tufkar ta matse daidai tun daga kai har gindi. Hawa bakwai ya samu irinta a jere, daga nan zuwa ƙasa kuma aka koma tufkar dama. Ya ware bakwai ɗin gefe guda don sun burge shi.

Can ƙasa ya tarar da fallen ƙasa mai saiwoyin ciyawa, a kife bisa guntayen itace biyu, hayaƙi ya mayar da shi kamar fata. Shi kam ya bar shi, don ya ga a kansa komai ya zauna. Bunun ya tattara a buhuna uku ya jingine a lungu, da niyyar ya zuba wa albasarsa idan sanyi ya shigo.

Laraba da Alhamis ya yi su yana yanta karan, yana ɗorawa, yana datse baki da wuƙa. Bayansa ya yi ciwo, yatsunsa suka fashe, amma rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta. Hannun ya tuna komai. Har waƙar da ubansa ke yi a kan tsaiko ta dawo masa, ya riƙa yin ta ƙasa-ƙasa jirgin ƙasa na Overground na wucewa ta bayan shinge. Da ya gama, abin ya fito rawaya sumul, bakinsa a jere kamar an sa ma'auni. Sualihu ya leƙo ya ɗauki hoto. Saudatu ma da ta zo gani sai da ta ce tubarkalla, sannan ta dubi buhunan da ke lungu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mama Tina ta dawo, idonta na dama rufe da auduga. Ko jakarta ba ta kai sama ba ta ce a kai ta ta ga akwatinta. Nata'ala ya shiga gaba da babbar rigarsa ta Juma'a, Saudatu ta riƙo hannun tsohuwar. Ya buɗe ƙofar ɗakin katakon, ya yaye zanen da ya rufa, ya koma gefe yana murmushi.

Ta daɗe tana kallo da idon nan guda. Ta matsa, ta shafa sabon karan da tafin hannu, ta leƙa gefen akwatin, ta leƙa ɗaya gefen.

"Wannan na wane ne?" ta ce.

"Naki ne, Mama. Na yaye tsohon, na yi miki sabo, yadda za a gani a yaba."

"Ka yaye."

"Duk ya ruɓe, Mama. Ba zan bari a kai ki gaban jama'a da shi ba."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Laluben benci ta yi ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan sandarta. Sannan ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda take yi wa marasa lafiya a da, cewa kowane hawa shekara ce, kuma kowace shekara akwai wanda ya shuka karan, ya yanka, ya hau ya shimfiɗa. Na ƙasa na kakanta ne. Matar cibiyar za ta ƙirga su ne ta faɗi abin da gonarsu ta haifa a kowane zamani.

"Ni ba ma don matar ba," ta ce. "Akwai hawa guda da nake so in taɓa da hannuna kafin a tafi da shi. Shekarar da uwata ta mutu ina 'yar shida, ubana bai shuka komai ba. Da kaka ta yi ba kara, sai ya je fadama ya yanko ciyawa ya rufe mu da ita. Na yi ta jiran idon nan ya buɗe don in gan ta a wurinta."

Nata'ala ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ciyawar nan da ya girgiza wa kai ke nan. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zama magidanci. Ya janyo buhunan ya kwance, ya ce komai na nan, bai zubar ba, zai mayar.

"Yaya za ka mayar?" ta ce. "Ka san wanne ne na wace shekara?"

Bai sani ba. A cikin buhu bunu bunu ne, alkama da sha'ir da ciyawar fadama duk sun gauraye sun zama abu guda. Saudatu, wadda take da damar cewa ai na faɗa maka, ba ta ce ba. Ta durƙusa ta ɗebo tafi guda ta miƙa wa tsohuwar. Mama Tina ta kai hanci, ta ce ƙanshin hayaƙin murhunsu ne, na baƙar ƙasar fadama da suke yankowa su shanya su hura wuta da ita. Ta riƙe shi a cinya, baƙin yana ɓata mata siket.

Da ta motsa za ta tashi sai hannunta ya faɗa kan igiyoyin da ke jere a bencin. Nata'ala ya ce waɗannan kam ya jera su yadda ya same su, daga sama zuwa ƙasa. Ba don ya kare kansa ya faɗa ba, don dai ya rasa abin cewa ne. Ya ƙara da cewa bakwai ɗin can na gefe wani bahago ne ya yi su, gwanin gaske.

Ta juyo da idon nan guda ta dube shi. "Me ka ce?"

"Bahago ne, Mama. Dubi tufkar, baya ta juya. Wanda ya murɗa ta da hagu ya murɗa."

"A ina ka same su?"

"Ƙarƙashin ciyawar fadamar nan. Ta farko tana manne da ita. Daga ciyawar zuwa sama babu irinsu ko ɗaya, duk na dama ne."

Mama Tina ta ajiye sandarta. Ta ce a gidansu mutum biyu ke yin igiya. Ubanta na zaune yana saka kara, ɗayan na riƙe da ƙugiya yana juyawa yana ja da baya har ƙofar gida. Ta ce fuskar uwarta ta ɓace mata tun tuni, muryarta ma haka. Abu guda ta riƙe, shi ne uwar na juya tukunya da hannun hagu, kakarta ta wajen uba tana yi mata faɗa a kai. Shekara bakwai uwar ta yi a gidan.

Nata'ala ya ɗauko ta farkon, wadda ya ɓamɓaro daga jikin ciyawar fadama, ya miƙa mata da hannu biyu. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba, zarto ya datse ta gaba da baya. Shekara saba'in da 'yan kai tana binne a tsakiyar rufin, inda ko matar cibiyar ba za ta gani ba sai ɗan bakinta. Amma wannan bai wanke shi ba, shi ma ya sani. Gobe matar za ta zo ta tarar da sabon karan alkamar Camberwell, abin da aka tara a shekara ɗari kuma yana cikin buhun shinkafa.

"Ki yafe mini, Mama," ya ce.

"Ban yafe ba tukuna, Mista Nata," ta ce. "Riƙe mini bakin nan."

Ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ƙurar bunun ya riƙe. Ta kama ɗaya bakin da hannun dama ta fara murɗawa kaɗan, sai karan ya soma buɗewa, ƙura na zubowa daga tsakiya.

"A'a, Mama, warwarewa za ta yi," ya ce da sauri. "Da hagu. Ki juya ta can."

Ta sauya hannu. Ita ba bahaguwa ba ce, amma ta juya yadda ya ce. Igiyar ta matse a tsakaninsu, har ya ji ta ja hannunsa.